Rigar da Ba Ta Taɓa Matse Shi Ba

Shekara ashirin da uku mijina yana zuwa Idi da rigar da aka ɗaura mana aure da ita, kuma shekara ashirin da uku yana cika wa mutanen unguwarmu Maamobi kunne da zancenta. Kaftani ne na farar shadda, da aikin hannu ruwan toka a wuya. In an sauko daga Idi ba ya wucewa gida kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin lungunmu, gaban teburin mai shayi, ya buɗe hannuwa, ya juya gaba ya juya baya, ya ce da abokansa:

"Ku duba da kyau. Rigar aurena ce. Ko allura ba a taɓa soka mata ba. Ku kuwa kowace shekara sai tela ya ƙara muku yadi."

Su kuma su yi ta kallonsa baki buɗe. Ga tumbi ya yi gaba kamar mai cikin wata bakwai, ga riga ta zauna masa daram, ko tattara babu. Wani dattijo har ya taɓa cewa lallai rigar nan an yi mata addu'a. Ina ƙofar shagona ina jinsu, ina gyara ɗaurin ɗankwali, ban taɓa cewa uffan ba. Ni tela ce, kuma ni ce addu'ar.

Abin ya faro ne a shekara ta huɗu da aurenmu. Ana jibi Sallah ya ɗauko rigar zai gwada, ta shiga kai, ta zo hammata ta tsaya. Na shigo ɗaki na tarar da mutum hannuwa a sama, fuska a cikin riga, yana ta kokawa shi kaɗai. Da ƙyar na zare shi. Ko da ya samu numfashi, kalmar farko da ta fito bakinsa ita ce na wanke masa riga da ruwan zafi ta shige. Shadda, wai ta shige. Kwana biyu yana kumbure-kumbure, gaisuwa ma da hanci yake amsawa. Na ce a raina, wannan fitinar ai ba ta fi aikin minti ashirin ba. Yana fita kasuwa na farke gefe da gefe, na saki abin da telan farko ya bari a ciki, na mayar, na goge. Ranar Sallah ya zura ta, ta shiga salin-alin. Ya dube ni ya ce, "Kin gani? Da ma sai ta sha iska."

Na ce, "Haka ne, Alhaji." A lokacin ko Makka bai je ba, amma haka nake kiransa in ina son zaman lafiya.

Bayan shekara biyu babu sauran abin saki, sai na koma ƙari. Na yanko ƙyalle na sa ƙarƙashin hammata, na sa siriri a kowane gefe. Fari a kan fari, in hannunka ya iya, sai wanda ya zo da fitila zai gane. Da ƙari ya yi yawa har rigar ta fara kama da tabarma, na yi abin da har yau nake alfahari da shi a fannin sana'a, ko da yake ta wani fannin ina jin kunyarsa. Na je kasuwar Nima na sayo sabuwar farar shadda, na yanke aikin wuyan nan a hankali, na ɗora shi a kan sabon jiki. Na jiƙa ta, na shanya, na sake jiƙawa har sheƙin sabunta ya kwanta. Sau huɗu na yi haka a tsawon aurenmu. Matar da nake sayen shaddar a wurinta ta riga ta gane. Da ta hango ni ana saura mako biyu Sallah sai ta ce, "Hajiya, rigar auren ta sake girma?"

Kada wanda ba tela ba ya yi saurin zagina. Mu telolin zango, wato unguwannin Hausawa na nan, ba ma faɗin lamba. Za mu zagaya mutum da tef, mu duba, mu rufe wurin da babban yatsa, mu yi murmushi. Mace ta zo ta ce a yi mata da awon bara, alhali bara tana shigowa ƙofar shagon kai tsaye, bana kuwa sai ta ɗan karkata. Mu ce to. In ta tafi mu ƙara inci biyu, mu kira shi albarka. In riga ta matse mutum a zango, laifin tela ne. Ban taɓa jin wanda ya dawo da kaya ya ce tuwo ne ya yi masa yawa ba.

Shi mijina ma ba na buƙatar tef a kansa. Idona ya ishe ni. Ban da haka, hannuwana biyu sun daina haɗuwa a bayansa tun shekarar da na haifi autarmu.

Shagon kayan gyaran mota yake da shi a kasuwar Abossey Okai. Aikin na zama ne: benci, waya, ciniki, gardamar ƙwallo. Da safe ya sha koko da ƙosai a gida. Ƙarfe goma mai waakye ta iso, wato shinkafa da wakenmu na nan, kuma nasa ba a tambayarsa me za a sa, komai ake sawa: taliya, ƙwai, ganda, kifi, nama, a malala shito, soyayyen yajin nan, a kai har mai ya taru a gefen ganye. Da rana lemon kwalba mai sanyi, biyu in ciniki ya yi kyau, uku in bai yi ba. A hanyar dawowa ya tsaya wurin mai tsire. Sannan ya iso gida ya tarar da tuwon zafina da miyar ayoyo, ni kuma hannuna ba ya rowar mai. Ba zan ɗora wa mai waakye duka ba.

Kuma wa zai ce masa ya rage? Da aka kawo ni gidan, siriri ne kamar sandar rake. Da ya fara cika, surukata, Allah ya ji ƙanta, ta kira ni ɗakinta ta ba ni atamfa turmi guda, ta ce ta ga aikina. A zango tumbin miji shaidar matarsa ce. In ya rame, ke za a kalla a wurin suna, a yi ƙasa da murya. Duk inda ya wuce ana cewa Alhaji ya samu kwanciyar hankali, ni kuma ina jin daɗi har raina, ba zan ɓoye ba.

Alamu sun daɗe da zuwa, mu ne muka yi ta yi musu wani suna. Ya daina sa takalmi mai igiya, ya ce na yara ne. In ya ɗago daga sujada sai ka ji yana huci. Munsharinsa kuwa, maƙwabciyarmu ta taɓa tambayata ko mun sayi janareta. Ranar da na tsorata ita ce ranar da muka je unguwar Circle tare, za mu hau gadar ƙafa mu tsallaka titi. Muna tsakiyar matakala ya tsaya, ya dafa ƙarfe, ya ciro waya yana dubawa kamar an aiko masa da saƙo. Na leƙa, wayar ko kunne ba ta. Gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, leɓensa ya yi fari. Mata masu ɗauke da kaya a ka suna ta raɓa mu suna wucewa. Na ce, "Lafiya?" Ya ce yana kallon gari ne.

Mako uku na yi ina masa naci kafin ya yarda muka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Likitar da muka samu yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yarmu da yawa ba, 'yar zango ce kuma, don da Hausa ta gaishe mu. Tun daga nan ya raina ta. Ta duba takardu ta ce jininsa ya hau, sukari yana bakin ƙofa, maiƙon jini ya yi yawa. Ta ce akwai kuma wani gwaji da ya nuna alamar kumburi a jiki.

Ya miƙa hannuwa ya jujjuya su, ya ɗaga ƙafar wando ya duba. "Ina kumburin?"

Ta ce, "Baaba, ba irin wanda ido ke gani ba ne. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki ba kwance kawai yake ba, aiki yake yi. Yana sakin wasu abubuwa cikin jini, su kuma su riƙa cin bangon hanyoyin jini kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba zafi ba ƙaiƙayi. In bangon ya ji rauni, maiƙo ya samu wurin maƙalewa. Hanya ta riƙa tsukewa, zuciya ta riƙa turo jini da wahala. Wata rana abin da ya taru ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanyar ta toshe."

Ya ce, "Kamar tiyon mota in ya tsufa."

Ta ce, "Kusan haka. Sai dai wannan ba a sayar da shi a Abossey Okai."

Ni na yi dariya, shi bai yi ba. Ya gyara zama ya ce duk ya ji, amma maganar kitse ba da shi ake ba. Sikelinsu na asibiti ya san halinsa, kowa ya hau sai ya ƙara masa. Shi jikinsa bai canja ba tun yana ango, kuma yana da shaida: rigar aurensa har gobe tana shigarsa, a tambayi duk Maamobi.

Likitar ba ta yi musu ba. Ta jawo aljihun tebur ta ciro tef, ta ce ya miƙe. A nan ne shaiɗanin sana'a ya hau kaina. Na ga yadda ta riƙe tef ɗin, ya murɗe a baya, tana laluben inda za ta haɗa, shi kuma ya ja numfashi ya haɗiye ciki yana kallon silin. Raina ya ƙi. Kafin ta haɗa bakin tef ɗin na ji bakina ya ce:

"Arba'in da shida da rabi. In ya saki numfashi."

Ta dube ni. Ta ce masa ya saki, ya saki. Ta juya tef ɗin ta gefen inci ta duba. Ta ce, "Mma, ke tela ce?"

"Shekara talatin."

"Da kuka yi aure nawa ne?"

Da ma a nan na yi shiru. Na ce, "Talatin da biyu."

Ta ce abin da ake so, ƙugun mutum kada ya wuce rabin tsayinsa. Ta auna tsayinsa ta raba biyu, ta samu talatin da huɗu. Ta yi bayanin magani, ta yi na abinci, ta ce tafiyar ƙafa kullum, ta ce ko kaɗan ya rage zuciyar za ta samu sauƙi. Ba na jin ya ji ko ɗaya. Ni yake kallo.

"Hajiya, rigar fa?"

Na ce, "Wuyan ne kawai na asali."

Muka dawo gida. Kwana tara ya yi ba ya min magana. In yana son abu sai ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa tela ina son ruwan wanka." Ni ma sai na fuskanci bangon na ce, "A gaya masa yana banɗaki tun ɗazu." Mu biyu ne kawai a ɗakin.

Na shiga gyaran tukunya da ƙarfina. Na rage mai, na rage gishiri, malmalar tuwo ta koma rabi, ganye ya cika kwano. Lemon kwalba na hana shi shiga gidan. Ya ci, ya wanke hannu, ya yi hamdala da wata irin murya ta wanda aka zalunta. Na ɗauka na ci nasara, sai da na fara ganin ɗigon shito a gaban rigunansa in zan yi wanki. Ashe abin da na rage a Maamobi, a Abossey Okai ake cike shi. Maganin kuma sai ranar da ya ji kansa na ciwo yake sha. Tafiyar ƙafa ya yi ta kwana biyu, ya ce mutane na tambayarsa ko motarsa ta lalace.

Har trotro, motar haya, na hau na je na sami mai waakyen. Dattijuwa ce mai fara'a, ta ba ni kujera. Na ce mata likita ta ce kaza da kaza, don Allah ta riƙa rage masa. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Mma, ke in mutum ya zo shagonki kina ce masa ya yi ƙiba? Ni ma ba na ce wa mutum ya ƙoshi." Na dawo gida ina zaginta a zuci, alhali na san gaskiya ta faɗa.

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Na ce masa ba na son zaman takaba, farin mayafi ba ya min kyau. Ya ce rai na hannun Allah. Na ce cokali kuma yana hannunka. Ya ce in daina yi masa wa'azi, wanda ya yi shekara ashirin yana ƙarya da keken ɗinki ba shi da bakin wa'azi. Wannan ta shige ni.

Wata huɗu bayan zuwanmu asibiti, ranar wata Talata bayan azahar, ina kan keke maƙwabcin shagonsa ya kira ni. Ya ce in zo asibiti yanzu. Daga baya na ji yadda aka yi. Yana zaune a benci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa injin mota, hannun hagu na masa tsami, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Abokan arziki suka taru suka yanke hukunci cewa iska ce ta taru a ciki, suka sayo masa lemo mai gas ya sha ya yi gyatsa. Kusan awa guda suna jiran gyatsa. Sai da ya zame daga kan bencin sannan suka tare tasi.

Ya rayu. Sai da na ji wannan sannan na zauna a ƙasa a barandar asibiti, zanina da zare duk a jiki. Washegari likitar nan ta zo duba shi, ta ja ni gefe. Ta ce hanya ɗaya ce ta toshe, an samu an buɗe, amma wani sashe na naman zuciyar ya riga ya lalace, kuma ba ya dawowa. Ta ce zai iya rayuwa mai tsawo da abin da ya rage in ya kiyaye. In ya koma yadda yake, ta biyu ba ta cika yin sassauci ba.

Na ce, "Da na faɗa masa tun shekara goma da suka wuce fa?"

Ta ce, "Mma, ban sani ba. Mu yi aiki da yau."

Ban ji daɗin amsar ba. So nake ta ce ba laifina ba ne.

Na shiga na same shi a kishingiɗe, wayoyi manne a ƙirji, ruwa na ɗiga a hannu. An sa masa rigar asibiti mai igiya a baya, igiyar ma ba ta kai ba. Na zauna. Na yi niyyar dakewa, amma ina buɗe baki sai kuka. Na ce ya yafe min. Na ce ni na ɓoye masa jikinsa, ni na bar shi yana tsayawa bakin lungu yana abin dariya, da na bar rigar ta matse shi tun farko da wataƙila ba mu zo nan ba.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na sani."

"Ka san me?"

"Rigar aurena tana da ƙunar turaren wuta a haɓar ƙasa, ta ciki. Ranar ɗaurin aure garwashi ya faɗa mata, na ɓoye ban gaya wa kowa ba. Wata Sallah na duba ban ga ƙunar ba. Shadda ba ta warkewa, Hajiya."

Hawayena suka tsaya cak. Na lissafa, shekara goma sha huɗu ke nan.

"To don me kake tsayawa gaban mai shayi kana juyi?"

"Kin sha wahalar ɗinkin. Kuma in na sa ta, sai na ji kamar ranar ce."

"Fushin kwana tara fa? Da maganar bango?"

"A gaban sa'ar 'yar cikina kika faɗa."

Wallahi da ba don wayoyin nan ba da na kai masa duka da jakata. Na ce masa munafuki, ya ce ya koya ne a wurin gwanaye. Na ce shekara goma sha huɗu ina jiƙa shadda ina shanyawa a bayan gida kamar ɓarauniya, ashe yana sane. Ya fara dariya, dariyar ta taɓa masa ƙirji, ya daina. Na'urar da ke gefen gado tana ta ƙara.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na ga yarinyar ta ja ki gefe. Me ta ce?"

Amsar tana bakina a shirye, a goge. Ta ce ka warke, Alhaji, 'yar gajiya ce, kwana biyu za mu koma gida. Na san zai karɓa, na san kuma zai gane, ya yi kamar bai gane ba. Mun iya wannan mu biyu.

Na ce, "Ta ce wani sashe na zuciyarka ya mutu, ba zai dawo ba. Ta ce in ka koma yadda kake, ta biyu tana iya tafiya da kai. Ni kuma tsoro nake ji, Alhaji. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba."

Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya juya fuska wajen bango, na ga hawaye ya gangara ya shiga kunnensa. Tun rasuwar mahaifiyarsa ban ga ya yi kuka ba. Ya laluba da hannun da ba ruwa a ciki ya kama nawa, ya riƙe da ƙarfi har zoben ya shige min yatsa. Na bar masa hannun, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.